Filin Tambaya da Amsa: 'Yan Matan Ajina Sun Iya Rubuta Turanci, Amma Sun Ƙi Buɗe Baki

TAMBAYA

Assalamu alaikum Hajiya, da fatan kina lafiya, ya iyali, ya ƙoƙari. Ni malamin Turanci ne a wata ƙaramar sakandare ta jeka-ka-dawo a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Taura, Jihar Jigawa, kuma ban daɗe da fara aikin ba. 'Yan aji biyu da nake koyarwa su 68 ne, maza 41, mata 27, duk a ɗaki ɗaya. Maza na zama ta wajen ƙofa da taga, mata ta jikin bango. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, idan na ba da shifta ko insha'i 'yan matan ne ke cin maki mai yawa. A jarrabawar zangon da ya wuce ma shida daga cikin goman farko mata ne. Amma da zarar na yi tambaya da baki sai su yi tsit. Ko suna na kira, sai yarinya ta miƙe ta sunkuyar da kai har in gaji in ce ta zauna. Su kuwa maza, daidai ko ba daidai ba, sai sun faɗa. Na kawo maganar a ofis, wani abokin aikina ya ce halitta ce, mace ba ta da zuciyar magana a gaban jama'a, in daina wahalar da kaina. Wata malama kuma ta ce sam, ita ta karanta cewa mata sun fi maza iya harshe a ko'ina a duniya. Wane ne mai gaskiya a cikinsu? Ga shi kuma shugaban makaranta ya ce in fitar da ɗalibai biyu, mace da namiji, don gasar muhawara ta shiyya, ni kuwa ba ni da macen.

Wani malami, daga Taura

AMSA

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya yi wa aikinka albarka. Na ji daɗi da ka damu har ka tsaya ka ƙirga, don akwai waɗanda muka yi aiki tare har suka yi ritaya ba su taɓa lura da wa ke magana a ajinsu wa ba ya yi ba.

Bari in fara da malamar, don ita ce maganarta ke da ɗan tushe a littafi. Gaskiya ne 'ya'ya mata sukan ɗan riga maza fara magana da haɗa kalmomi a ƙuruciya. Wani bincike da aka wallafa a 2012, wanda ya duba ƙananan yara sama da 13,000 masu tasowa da harsuna 10 na Turai, ya ga haka. A jarrabawar PISA ma, wadda ake yi wa 'yan shekara 15 a ƙasashe da dama (Nijeriya ba ta ciki), mata kan fi maza a karatu da fahimta kusan ko'ina. To amma fifikon nawa ne? A 1988 wasu malaman jami'a mata biyu a Amurka, Janet Hyde da Marcia Linn, suka tattara bincike 165 da aka yi a kan iya sarrafa harshe tsakanin maza da mata, suka auna su gaba ɗaya. Tazarar da suka samu 'yar mitsitsiya ce. In aka mayar da ita lissafin da kowa zai gane, idan ka rufe ido ka kamo mace ɗaya da namiji ɗaya, wajen sau 53 cikin 100 macen za ta fi, sau 47 namijin ya fi. Da irin wannan ba ka isa ka dubi yaro ko yarinya ka faɗi abin da za su iya ba.

Akwai kuma saƙon nan da maza ke tura wa juna a WhatsApp suna dariya, wai mace na furta kalma 20,000 a yini, namiji 7,000. A 2007 Matthias Mehl na Jami'ar Arizona da abokan aikinsa suka wallafa abin da suka samu bayan sun rataya wa ɗaliban jami'a 396 a Amurka da Meziko 'yar na'urar naɗar murya, tana ɗaukar maganarsu jifa-jifa cikin yini. Maza da mata duk sun tashi a wajen kalma 16,000. Babban bambancin tsakanin mutum da mutum yake, wani bai kai 1,000 ba, wani ya haura 45,000. Ka kuma lura, duk waɗannan a kan harshen da mutum ya tashi da shi ake magana. Su yaranka baƙon harshe suke koyo a aji mai mutum 68.

Shi kuwa abokin aikinka mai cewa halitta ce, ka roƙe shi ya raka ka bayan katangar Islamiyyar garinku da la'asar, ku tsaya ku saurari ajin hadda. Muryar su wa ke fitowa har bakin titi? Ranar Lahadi ku je kasuwar Gujungu, tunda a ƙasarku take, ku tsaya wajen da motocin Hadeja ke ɗan dakatawa. Za ku ga yarinya 'yar shekara goma sha uku da farantin dafaffiyar gyaɗa a ka, fasinja ya karɓi ƙulli biyu yana neman ya cinye mata naira hamsin, mota ta fara gangarawa. Sai ta kama tagar da hannu ɗaya, tana bin motar da sassarfa, farantin bai ko girgiza ba, tana zazzaga masa magana a gaban maza goma sha takwas har sai ya miƙo kuɗin ana yi masa dariya. Irinta ce gobe da safe za ta tsaya a gabanka ta kasa faɗin sunan garinsu da Turanci. A musabaƙar Alƙur'ani 'yan mata na hawa mumbari su zauna gaban alƙalai da lasifika, a ja musu baƙi daga tsakiyar sura su ɗora. Ƙasar nan kuma ita ce ta yi Nana Asma'u 'yar Shehu (1793 zuwa 1864), mai waƙa da Larabci da Fulatanci da Hausa, wadda ta tura jajis, wato malamai mata da ta horar, ƙauyuka suna karantar da mata da baki. Saboda haka maganar halitta a ajiye ta.

Na san tsayuwar nan da kake faɗa, na shekara da shekaru ina ganinta. Yarinya za ta miƙe, ta kama bakin hijabi ta kai baki, idonta a kan benci, babban yatsan ƙafarta na soshe siminti ta cikin silifa. Leɓenta na motsi. In ka matso kusa za ka ji amsar na fita, kuma sau da yawa daidai ce, amma ba ta wuce kunnen 'yar bencinsu. Kafin ta haɗiye yawu ta sake faɗa, hannuwa goma sun tashi ta wajen taga ana ta ƙyasta yatsu, wani ma ya riga ya wurgo amsar daga zaune. Kai kuma ga lokaci na tafiya, sai ka ce ta zauna. Ita ta koyi cewa in ta daure na ɗan lokaci za a ƙyale ta, shi kuma ya koyi cewa wanda ya riga ɗaga murya shi ke da aji.

Yi lissafi da kanka. Darasi minti 40 ne. Ka ce kai ka ci 30 wajen bayani da rubutu a allo da tsawatarwa, saura 10, wato daƙiƙa 600. Raba wa yara 68, kowa bai samu daƙiƙa 9 ba. Wannan in an raba daidai ke nan, ba a kuwa rabawa daidai, yara shida ko bakwai ne ke cinyewa, kuma ka san su da suna. Wannan ba a ƙauyenmu ya tsaya ba. Myra Sadker da mijinta David sun shafe shekaru suna shiga azuzuwan Amurka suna lura, a littafinsu na 1994 suka nuna cewa maza sun fi yin katsalandan da amsa ba tare da an ba su izini ba, malamai kuma sun fi mayar da hankali kansu. Wata malama kuma, Mary Budd Rowe, tun farkon shekarun 1970 ta auna tsawon jiran da malami ke yi bayan ya yi tambaya, ta tarar wajen daƙiƙa ɗaya ce tak. Da aka sa malamai suka riƙa jira daƙiƙa uku ko fiye, sai amsoshi suka ƙara tsawo, yaran da a da ba sa magana suka fara sa baki. Yanzu ka tuna yarinyar da sai ta ji tambayar da Turanci, ta juya ta Hausa, ta nemo amsa, ta mayar Turanci, ta duba ko akwai kuskure, sannan ta nemo ƙarfin halin faɗa. Daƙiƙa ɗaya ina za ta kai ta?

Abin da ya fi wannan nauyi a wurina shi ne abin da kuskure ke jawo wa kowannensu. Yaro in ya kwaɓa Turanci aka kwashe da dariya, shi ma dariyar yake yi, har ya ƙara wata don a sake. Kafin a tashi ya zama gwanin ban dariya na aji. Yarinya in ta kwaɓa, kalmar da ta kwaɓa ɗin ta zama sunanta. Za a kira ta da shi a hanyar gida, a bakin famfo, a wajen niƙa, ƙanin wani ya kai wa yayanta, wata rana ma saurayin da ke zuwa zance wurinta ya ji. In kuma ta faɗa daidai da murya a sake, nan ma ba ta tsira ba: iyayi, rawar kai, wai ita Baturiya, tana karya harshe don malam ya gan ta. Wannan na biyun har daga 'yan'uwanta mata yake fitowa. To wadda in ta yi kuskure a yi da ita, in ta yi daidai a yi da ita, shirun da ta yi ai dabara ce. Masana sun daɗe da sanin cewa fargabar magana a ajin baƙon harshe aba ce mai zaman kanta. Elaine Horwitz da abokan aikinta sun yi mata ma'auni tun 1986, kuma tsoron abin da mutane za su ce na cikin jigoginta. A wurinmu wannan tsoron ya fi danne mace, musamman a shekarun da 'yan ajinka suke, lokacin da a gida aka fara ce mata ta girma, ta rage murya, ta daina kallon namiji ido cikin ido. Kai kuma namiji ne, matashi. Abin da uwarta ta yaba mata a kai da safe, shi kake rage mata maki a kai da hantsi. Ba na cewa a rushe kunya, ni ma da ita aka raine ni. Cewa nake ka san da ita a cikin lissafinka.

Sai abin da ke faruwa bayan an tashi. Yaro ya ajiye jaka ya nufi gidan kallon ƙwallo, ya zauna minti casa'in Turanci na zuba a kunnensa, ya fito yana kwaikwayon mai sharhi. Yayansa ya dawo daga cin rani a Legas ko Fatakwal da broka a bakinsa. Ɗan bautar ƙasa da aka turo garin, wanda ba ya jin Hausa, yaran maza ne ke ɗebo masa ruwa, su raka shi kasuwa, su yi masa tafinta. Wayar hannu ma ta fi saurin zuwa hannun namiji. Ita kuwa daga makaranta sai wanke-wanke, talla, Islamiyya, raino. Turancinta na cikin littafi, kuma shi ya sa littafin nata ya fi tsafta.

Amma kada hayaniyar mazan ta ruɗe ka. Gobe ka ɗauki wanda ya fi kowa zaƙewa, ka ce ya ba ka labarin abin da ya yi daga asuba zuwa shigowarsa aji, jimla biyar a jere. Ina kyautata zaton a ta biyu zai tsaya yana sosa ƙeya. Yawancin abin da kake ji daga wajen taga kalma ɗaya-ɗaya ce da guntayen maganganun da aka haddace. Ajinka gaba ɗaya bai iya magana ba tukuna, mazan dai sun fi iya ɓoye hakan. Laifin ma ba na yaran ba ne. Tsarin ilimi na ƙasa na 1977 ya ce a fara koyarwa da harshen gida a firamare, daga baya a koma Turanci, amma ni da kai mun san a ƙauye bayani da Hausa ake yi har sakandare, Turanci sai wajen kwafar rubutu daga allo. Jarrabawa ma ba ta neman baki. Takarda ta uku ta Turanci a WAEC, wadda aka ce ta furuci ce, tambayoyi 60 ne da ake zaɓar amsa, ba mai cewa uffan. JAMB kuwa a kwamfuta ake latsawa. Yarinya na iya cin kiredit ba ta taɓa yin jimla uku a jere da bakinta ba. Merrill Swain ta ga irin wannan a Kanada a 1985: yaran da suka shekara da shekaru ana koya musu darussa da Faransanci suna ji sarai, amma maganarsu ba ta kai jinsu ba, saboda ba a cika matsa musu su yi ta da kansu ba. Ba a koyon ɗaukar tulu a ka ba riƙo ta hanyar kallon mai ɗauka.

To me za ka yi ranar Litinin? In makarantarku na karɓar tarar banakula, wato monita na rubuta sunan wanda ya yi Hausa a ci shi naira ashirin ko bulala, ka fara neman a cire ajinka daga ciki. Ban taɓa ganin yaron da wannan ta koya wa Turanci ba. Maza sukan biya ko su sha bulalar su ci gaba da surutunsu, mata kuwa su rufe baki tun daga taron safe har a tashi.

Daga nan ka hana wurgo amsa, ka hana ƙyasta yatsu. Ka yi tambaya, ka ƙirga biyar a zuciyarka, zai yi maka tsawo ƙwarai da farko. Sannan ka ce kowa ya juya ya faɗa wa na kusa da shi amsar da Turanci, mace da mace, namiji da namiji. Aji zai rikice da hayaniya, wataƙila shugaban makaranta ya leƙo, ka yi masa bayani tun kafin lokacin. Amfanin abin shi ne wajen rabin aji na magana a lokaci guda maimakon ɗaya, kuma a cikin hayaniyar ba mai jin kuskuren wani. Kai kuma ka zaga ta jikin bangon nan kana saurare. In ka ji wata ta faɗa daidai, ka ce mata a hankali daidai ne, ita za ka kira. Yarinyar da ta riga ta san amsarta daidai ce, ta kuma riga ta furta ta sau ɗaya, miƙewarta daban ce. Kada ka katse ta a tsakiyar jimla don gyaran nahawu ko don ta sa "f" a wurin "p". Kowane Bahaushe da wannan ya fara, har waɗanda ke karanta labarai a rediyo yau. Ka tara kurakuran, ƙarshen darasi ka rubuta su a allo ba suna. Wanda kuma ya yi wa wani dariya ko ya laƙaba masa suna, nan ne wurin da za ka nuna fushinka na gaske, tun a karon farko.

Ka riƙe 'yar takarda da sunayensu, kana sa ɗigo a gaban duk wanda ya yi magana. Bayan mako biyu ka duba. Za ka ga har a cikin mazan akwai wajen ashirin da ba su taɓa cewa komai ba, hayaniyar 'yan'uwansu ta rufe su.

Maganar muhawara kuma, kada ka ɗauki ta ɗaya a jarrabawa kai tsaye. Ka fara shirya muhawara da Hausa a cikin aji, a kan abin da ya taɓa su, kamar ko ya dace yarinya ta yi talla ranar kasuwa ta bar makaranta. Ka zuba ido ka ga wadda za ta manta da kanta ta shiga gardama. Ita ce 'yar takararka, ko da ta goma sha biyar take zuwa. Hujjojinta na bakinta za ku mayar Turanci, huɗu ko biyar, a gajerun jimloli da ta san ma'anar kowace kalma a ciki. Na sha zama alƙaliyar irin wannan gasa, abin da ke kashe yaranmu shi ne shafi guda na manyan kalmomi da malami ya rubuta aka haddace. Gaisuwar shugaban taro da alƙalai na fita tiryan-tiryan, da kalma ɗaya ta ɓace shi ke nan, sai hawaye. Ta fara gwadawa gaban mata zalla, sannan gaban aji, sannan a taron safe. Malamar nan mai gardama da ku ka jawo ta cikin aikin, duk wani atisaye a yi shi tana wurin, kada ka taɓa keɓewa da yarinyar mutane ko da niyyarka ta fi madara fari. Ita ce kuma za ta shiga gida ta yi wa uwar bayani, kai da shugaban makaranta ku sami uban a zaure, a faɗa masa wa zai raka ta, a wace mota, da ƙarfe nawa za a dawo. Sau da yawa a nan ake rasa 'yar takara, tun ba a je ga Turancin ba.

TAMBAYA

Salamu alaikum Hajiya. Ni manomi ne a ƙasar Albasu, ina kuma ɗan taɓa harkar dabbobi a kasuwar Wudil. 'Yata tana makarantar kwana ta mata, in ta zo hutu ita ke karanta mini takardar asibiti da ta jikin maganin feshi, har da ƙawayenta Turanci suke yi. Yayanta da ya girme ta da shekara biyu yana jeka-ka-dawo, shi sai broka da ya koyo da ya bi kawunsa Fatakwal. In ta gyara masa sai faɗa, ya ce Turancin iyayi na mata ne. Shin kansa ne ba ya ja? Kuma ƙanwarsu da ke aji shida, in kai ta makarantar mata zalla?

Wani uba, daga Albasu

AMSA

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya raya su ya yi musu albarka. Na so a ce malamin Taura ya zo gidanka ya ga nasa lamarin a juye.

Yaron da ya je Fatakwal ya dawo da broka cikin 'yan watanni kansa na ja. Broka harshe ne da miliyoyin mutane ke ciniki da shi, BBC ma ta buɗe masa sashe a 2017. Sai dai ba da shi ake rubuta WAEC ba. Abin da ke damun ɗanka shi ne majalisarsu. A can wanda ya yi broka ya ga duniya, wanda ya tsaya yana gyara jimla kuwa sai a ce yana maganar mata. Turawan ma haka suke da nasu harshen. Peter Trudgill ya yi bincike a garin Norwich na Ingila, ya wallafa a 1972, ya tarar maza da yawa na cewa suna yin maganar 'yan unguwa fiye da yadda suke yi a zahiri, mata kuma na cewa suna yin ta 'yan boko fiye da yadda suke yi. Kowa na jingina kansa da abin da zai ƙara masa daraja a wurin nasa mutanen.

Ka ja 'yarka gefe ka ce ta daina gyara masa a gaban mutane, ƙanwa ba ta gyara wa wa a tsakar gida a zauna lafiya. Shi kuma ka ɗora masa aikin da ba ya yiwuwa sai da Turancin makaranta, kuma aikin maza a idonsa. Takardar maganin feshin nan shi zai riƙa karanta maka, ya faɗa maka murfi nawa ake zubawa a lita nawa. In za ka banki ka tafi da shi ya cika fom. In Inyamuri ko Bayarabe ya zo sayen shanu ranar Juma'a a Wudil, ka tura shi gaba, in an gama ka yaba masa a gaban abokan cinikinka. Ka kuma duba kwana nawa yake rasawa a makaranta lokacin shuka da girbi, don ita 'yar'uwar tasa tana can ba mai aiken ta gona.

Game da ƙaramar, a 2014 Janet Hyde ɗin nan da abokan aikinta sun tattara bincike 184 da ya shafi ɗalibai fiye da miliyan ɗaya da rabi, suka ga in an kwatanta yara masu hali iri ɗaya, raba maza da mata shi kaɗai ba ya ƙara wani abin kirki a sakamako. A ganina abin da ya taimaki babbar shi ne kwanan: ba talla, akwai karatun dare, akwai malaman da ba sa jin Hausa, ga kuma shugabar ɗalibai da mai jan taron safe duk mata ne, dole wata ta yi magana. In kana da hali, kuma ka je ka ga wurin kwanansu da abincinsu da idonka hankalinka ya kwanta, ka kai ta.

TAMBAYA

Mama, ina yini. Na gama sakandare shekara shida da suka wuce, ina da aure da 'ya'ya biyu a wani ƙauye kusa da Jahun. Maigidana ya yarda in nemi makarantar koyon aikin lafiya, amma an ce mini akwai intabiyu da Turanci. Ina ji, ina karantawa, amma in zan yi magana sai harshena ya yi nauyi. Na gwada da maigidan sai ya yi ta dariya.

Wata 'yarki, daga Jahun

AMSA

Lafiya lau 'yata, Allah ya ba da sa'a, ya kuma saka wa maigidan da ya yarda. Amma ki daina gwadawa da shi tukuna. Dariyarsa ba ta mugunta ba ce, sai dai za ta mayar da ke baya.

Kullum in kina aiki ke kaɗai, ki riƙa faɗin abin da kike yi da Turanci, da murya yadda kunnenki zai ji, kada ki bar shi a zuci. Ina wanke shinkafa, na ɗora tukunya, yaro ya farka. Babban ɗanki ki riƙa yi masa, shi ba zai yi miki dariya ba, kwaikwayo zai yi. Ki kama labaran Turanci na rediyo sau ɗaya a rana, in mai karantawa ya faɗi jimla ki maimaita a bayansa ko ba ki gane duka ba, don harshen ya saki. Sannan ki rubuta amsar tambayoyin da ba a rasa su a irin wannan zama: sunanki da garinku, makarantar da kika yi da shekarar da kika gama, dalilin da ya sa kike son aikin lafiya, abin da kika yi a shekaru shidan nan, da wanda zai riƙe miki yara. Kowace amsa jimla uku ta isa. Ki naɗi muryarki a waya ki saurara, ki goge, ki sake. In akwai wata ma'aikaciya a asibitin garinku, ki roƙe ta ta zauna ta yi miki tambayoyin kamar gaske, sau biyu ko uku kafin ranar.

In kin shiga, ki gaishe su, ki ɗaga murya fiye da yadda kika saba. In ba ki ji tambaya ba ki ce a maimaita, ba a kayar da mutum don wannan. Ki rubuto mini yadda aka yi.